Daren da Babi na Bakwai Ya Ɓace Mini

Ni dai ba masanin kwamfuta ba ne, rubutu kawai na iya. Ƙanena ne ya ɗora ni a kan Git, manhajar nan da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 domin adana tarihin duk gyaran da aka yi wa fayil. Ya ce, "Yaya, ka daina sa wa fayil suna 'na ƙarshe' da 'na ƙarshen ƙarshe', ga abin da zai riƙe maka komai."

Wata rana da daddare, garin share tarkace, na goge babi na bakwai na littafina, aikin mako uku cur. Ban damu sosai ba, domin kuwa na san akwai kwafinsa a ma'ajiyar intanet, kuma yaron ya taɓa rubuta mini umarnin dubo shi a bayan wata takarda:

git show origin/master:.ajiya/babi7.txt

Na buɗe Git Bash na kwafe shi harafi bayan harafi. Sai kwamfuta ta ce wai ba ta san wani abu origin\master;.ajiya\babi7.txt ba. Jama'a, ni ban rubuta haka ba! Ruwa biyun da na sa ya koma waƙafi mai ruwa, sandunan duk sun juya baya. Na sake, na kuma sakewa, har gumi ya karyo mini, na fara zargin idona.

Ƙarfe ɗaya saura na tashe shi a waya. Da ya gama dariya sai ya ce laifinsa ne, shi Linux yake amfani da ita, ni kuwa Windows. Asalin rigimar tsohuwa ce. Lokacin da MS-DOS ta samu manyan jakunkunan fayil a 1983, an riga an ba sandar / wani aiki, sai aka ɗauki \ a madadinta. Ruwa biyu kuma na sunan faifai ne, kamar C:, don haka jerin hanyoyi a Windows da waƙafi mai ruwa ake raba shi. To shi Git Bash tafinta ne tsakanin gidajen biyu, duk abin da ya yi masa kama da hanyar fayil irin ta Unix sai ya fassara kafin ya miƙa wa Git. A wurin Git kuwa ruwa biyun nan cewa yake "a wannan reshe, wannan fayil". Tafinta ya yi shisshigi, ya fassara abin da ba a sa shi ba.

Ya ce in fara da MSYS_NO_PATHCONV=1 sannan in maimaita umarnin. Ina dannawa sai ga babin ya zubo, tun daga zuwan 'yan biko har ƙarshe. Na zauna na karanta shi har kiran assalatu, sai na tarar ashe shafi huɗun farko dama sun cancanci gogewa.