Ku Ɗora Hoton Kayanku, Ku Bar Na Aro

'Yan'uwa na Madakiya, Kafanchan, Zonkwa, Kagoro, Kwoi da kewaye, maganata yau da masu tallar kaya a Facebook da WhatsApp ce, musamman masu citta, zuma, acca da masu ɗinki.

Mai saye yanzu yana Kano ko Abuja ko Legas. Ba zai taɓa kayanka ba, ba zai shinshina ba, ba zai gutsura ya ji a bakinsa ba. Hoto zai gani, ya turo kuɗi ta banki, kai kuma ka kai kaya tasha ka ba direba. Shi ya sa abin da wasunmu ke yi yake damuna ƙwarai: mutum yana da citta mai kyau jibge a ɗaki, amma sai ya shiga intanet ya ɗauko hoton wata cittar ƙasar waje, ƙatuwa, an wanke ta tas tana ƙyalli, ya rubuta "akwai kaya". Wannan cinikin biri a sama ne, kuma mai kayan ne ke fara cutuwa.

Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga nan kudancin Kaduna take fitowa: Kachia, Jaba, Kagarko, Jama'a da maƙwabtansu. Yajinta da ƙamshinta da yawan manta ne suka sa ake nemanta har ƙasashen waje. Wanda ya san citta zai tambaye ka: Tafin Giwa ce ko Yatsun Biri? Ta farko mai kauri ce, cikinta rawaya. Ta biyu siririya ce, cikinta da ɗan duhu. Zai tambaya ɗanya ce ko busasshiya, an tsaga ta ko ba a tsaga ba, a kan leda aka shanya ko a ƙasa ta kwashi yashi. Hoton aro ba ya amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan. Hoton da ka ɗauka da hannunka yana amsa su duka kafin a buɗe baki.

Kowa ya tuna daminar 2023, lokacin da cuta ta faɗa wa gonakin citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa suka tashi ba riba ba uwar kuɗi. Tun daga lokacin iri ya yi tsada, mai saye kuma ya zama mai tsoro. Idan iri kake sayarwa, ɗauki guda ɗaya daga tsakiyar buhu, ka karya ta biyu, ka matso da waya kusa har a ga ɗanyen cikinta da zarenta, a ga babu baƙi, babu laushin ruɓa. Wannan hoton ya fi dogon rantsuwa aiki.

Ba sai da waya mai tsada ba. Goge gilashin kyamara da gefen riga, domin yawancin hotunanmu masu hazo maiƙon hannu ne ya jawo. Fito da kaya waje da hantsi ko bayan la'asar, ko ka tsaya a inuwa mai haske; ranar tsaka tana ƙona launi, fitilar ɗaki kuma tana canja shi. Shimfiɗa tabarma mai tsabta ko faranti, ka kawar da takalma da bokiti daga baya. Sa mudu ko tafin hannunka a gefe don a san girman abin. Hoto uku sun isa: ɗaya na tarin kayan, ɗaya na kusa, ɗaya na yadda aka ɗaure don tafiya. Rubuta farashi da ma'auni da garin da kayan suke, domin "zo inbox" yana korar mai saye na gaske. Idan farashi ya canja, cire tsohon hoton.

Mai zuma, ɗaga kwalbar ta fuskanci haske a ga launinta, ka ɗebo da cokali a ga kaurinta. Mai acca, zuba ta a farin faranti a ga an surfe an wanke, babu tsakuwa. 'Yar'uwa mai ɗinki, rigar da kika ɗinka da kekenki ita za ki nuna, har bakin hannu da wuya, ba ta wata telar Legas ba. Ranar da kaya suka isa hannun mai su, da hoton da kika ɗora za a gwada su, kuma mutane yanzu ba sa yin shiru: hotuna biyu za su jera, na alkawari da na abin da aka kawo, su watsa wa duniya.

Haka ma masu haɗa yawon buɗe ido zuwa magangarar ruwan Matsirga da ke nan kusa da mu. Ruwan da ke zubowa a watan Agusta ba shi ne na watan Maris ba. Ku faɗi watan da aka ɗauki hoton, baƙo ya san abin da zai tarar.

Sai batun mutunci. Kada ka sa fuskar tsohuwar da ke tsaga citta, ko yaran maƙwabta, ko wadda ta sayi kayanka, a talla ba tare da an yarda ba. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Idan mutum ɗaya ya yaudari mai saye da hoton ƙarya, ba sunansa kaɗai za a kira ba, cewa za a yi 'yan Kafanchan ne. Don Allah matasanmu masu riƙe da waya, ku taimaki iyayenmu manoma da 'yan kasuwa, ku ɗaukar musu hoton kayansu na gaskiya, mai haske, da farashi a rubuce. Wanda ya karanta ya tura wa mai sana'ar da ya sani. Allah ya sa albarka a kasuwarmu.