Ƙurar Faris da Tabon Legas

A watan Fabrairun 2015 wani taron ƙara wa juna sani ya kai ni birnin Faris. Sanyi ya hana yawo, sai wani abokin aiki Bafaranshe ya ja ni Porte de Versailles, inda ake baje kolin tsofaffin motoci na shekara-shekara mai suna Rétromobile. Don kara na bi shi, domin a sanina tsohuwar mota rabon 'yan gwangwan ce.

Zauren farko ƙyalli ne ko'ina. Motocin da suka haura shekara sittin suna sheƙi kamar yau aka sauke su daga jirgin ruwa. Abokina ya nuna mini wata, ya ce ko ranar da ta fito daga masana'anta ba ta kai haka kyau ba. Asalin jikinta da guduma maƙera suka buga shi, don haka gefen dama bai zama daidai da na hagu ba, amma masu gyara sun cike, sun goge, sun daidaita. An sake fatar kujeru, an shafa wa ƙarafan da ba su taɓa ƙyalli ba ruwan ƙyalli, har kawunan kusoshi an juya su suna kallon gefe guda. Na tambaye shi me ya rage na ainihin motar. Ya ce lambar jikinta da takardunta.

Daga nan muka shiga wani ɓangare mai ƙarancin haske, inda jama'a suka yi dogon layi. Nan kamfanin gwanjo na Artcurial ya jera motoci kusan 60 na Roger Baillon, wani mai harkar sufuri a yammacin Faransa. Ya tara su da burin buɗe gidan tarihi, sai kasuwa ta juya masa baya a shekarun 1970, motocin suka shafe shekaru a ƙarƙashin rumfunan kwano. An kawo su yadda aka same su: tsatsa, ƙura, tayoyi a sace, kujeru a yage. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ƙirar 1961, wadda ɗan fim Alain Delon ya taɓa mallaka, an tsince ta an jibge mata tsofaffin mujallu. Ranar 6 ga wata aka sayar da ita a kan Yuro miliyan 16 da ɗoriya.

Me mai sayen ya saya? Shaida ya saya. Fenti da fata ana samun su da kuɗi kowace rana, amma sitiyarin da tafin hannu ya cinye, da ɗinkin da wani baduku ya yi a Italiya shekaru hamsin baya, idan aka cire su sun tafi ke nan. Ba na cewa a bar tsatsa ta cinye ƙarfe. Wasu motocin Baillon sakaci ne ya kashe su, kuma sakaci ba adana ba ne. Birki da inji dole a taɓa su. Abin gudu shi ne garin neman gira a rasa ido. Su kansu alƙalan harkar sun fara gane haka: a 2024, a gasar Pebble Beach ta Kaliforniya, Bugatti Type 59 ƙirar 1934 da ba a sabunta ta ba, wadda Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya taɓa hawa, ita ta ɗauki babbar kyauta, karon farko da irinta ta yi haka.

A cikin layin nan na Faris, Legas ce ta faɗo mini a rai. A gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan akwai baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashi suna nan a jikinta. Da wani mai kishi zai kira fanel bita ya toshe su, ya fesa sabon fenti, da mun sami kyakkyawar mota mun rasa ranar. Wannan tunanin nake so ya zo wa duk wanda aka ba kwangilar gyara tsohon masallaci, ko ƙofar gari, ko soron fada, kafin ya sa a sauke buhunan siminti.