Taliyar Gobarau da Taliyar Italiya

Wanda ya zagaya lungunan Gobarau, daga gindin hasumiya har ya ɓulle bakin titi, ba zai ci karo da gidan abincin 'yan Italiya ba. Abin da zai gani, in ya leƙa wasu gidajen da hantsi, shi ne igiya a tsakar gida an rataye mata taliya tana shan iska, kamar zaren da masaƙa suka shanya. A irin wannan gida aka haifi wani injiniya da yake aiki a Abuja yanzu, kuma da ribar taliyar nan aka biya masa kuɗin jarrabawar fita sakandare.

Mahaifiyarsa ta yi shekara sama da 20 tana wannan sana'a. Bayan sallar asuba takan kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, ta tura kwaɓin cikin injin hannu da aka ɗaure a jikin benci, a murza, a sake murzawa har ya miƙe ya yi laushi, sannan a mayar da shi bakin da yake yankawa siri-siri. Da azahar an dafa an tsame, ƙannensa mata sun ɗauki tire da kwalbar manja da gwangwanin yaji sun nufi ƙofar Islamiyya. Shi aikinsa juya hannun inji kafin ya tafi makaranta, kuma har ya girma bai daina jin nauyin wannan ƙarfe a kafaɗarsa ba.

A Abuja abokan aiki suka fara kai shi wani gidan abincin Italiya a Wuse. Can ya koyi abubuwan da ake koya: cewa taliya tana da sunaye barkatai gwargwadon siffarta, cewa a tsarinsu ita ake fara ci kafin a kawo nama ko kifi, cewa Musulmi sai ya tambaya tukuna, domin wasu girke-girken da naman alade ake yin su, wasu kuma ana zuba musu giya. Ya saba, har ya ji yana son wurin. Saboda haka da ya zo gida hutun Babbar Sallah, ya ji an buɗe wani gidan abinci a GRA mai yin irin wannan girki, sai ya ƙudurta zai kai tsohuwarsa. A ransa girmamawa ce. Matar da ta dafa wa unguwa taliya shekara da shekaru, yau ta zauna a kan kujera wani ya dafa ya kawo mata.

Akwai abin da ya manta, ko ya ɗauka zamani ya shafe shi. A tsohon birni irin Katsina, cin abinci a waje bai taɓa zama abin ado ba. Gidan abinci na matafiyi ne da ɗan tasha da gwauro. Magidancin da aka gani yana cin tuwo a kasuwa, gidansa ake zargi, a ce ko uwargida ta yi yaji, ko rumbu ya ƙare. Dattijuwa kuwa ba ta tauna a gaban baƙi. Mutanen da suka yi boko suka zauna a manyan birane sun juya wannan ma'auni: a wurinsu fita cin abinci alamar wadata ce, kuma hanya ce ta nuna ƙauna. Al'adun biyu suna zaune a gida ɗaya, sau da yawa ba tare da sun taɓa yin magana da juna ba.

Ga kuma wani abu. Shi ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kuma haɗa ido da shi in tana magana. Sai da autarsu ta yi kwana biyu tana lallashi kafin ta yarda, da sharaɗin za a tafi bayan isha'i.

Ta zauna a gefen kujera, mayafi har goshi. Sanyin na'ura ya dame ta, ba ta ce komai ba. Aka kawo faranti mai faɗi, taliya ɗan cukwi a tsakiya, da miyar tumatir da garin cuku a sama. Ta daɗe tana kallo, irin kallon da ma'aikaci yake yi wa aikin wani. Ta ɗauki sili ɗaya, ta kauda kai ta ɗanɗana, sannan ta juya ga autar.

"Ki gaya wa yayanki ba ta dahu ba."

"Inna, haka suke cin ta," in ji shi, yana kallon tebur. "Da gangan ake sauke ta da sauran ƙarfinta."

"To, Allah ya kyauta."

Can ta tambayi autar nawa ne farantin. Yarinyar ta so ta kauce, ta matsa mata, ta raɗa mata a kunne. Tsohuwa ta ajiye cokali. Ba sai an yi mata lissafi ba, ta san mudu nawa na fulawa wannan kuɗi zai saya, ta kuma san kwana nawa takan yi tana murza inji kafin ta ga irinsa. Ta ce a juye mata a tafi da shi gida. Har suka shigo Gobarau babu wanda ya yi magana a cikin mota.

Abin ya ci masa rai, domin ya gane cewa a idonta ba karramawa aka yi mata ba, nuna mata aka yi nisan da ɗanta ya yi. Ya kai ta inda ake sayar da sana'arta da tsadar da ita ba ta taɓa samu ba, a hannun mutanen da, a ganinta, ba su ma iya ba.

Sai dai tarihi ya fi kusa da ita fiye da yadda su biyun suka zata. A shekarar 1154, masanin ƙasa Al-Idrisi, a littafin da ya rubuta wa Sarki Roger na Biyu na Sisili, ya ambaci garin Trabia kusa da Palermo, inda ake yin wani abinci na fulawa mai kama da zare, ana kiransa itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wato ɗaya daga cikin tsofaffin shaidu a kan taliyar Italiya da Larabci aka rubuta ta. Katsina kuma ba baƙuwar wannan duniya ba ce. Hasumiyar Gobarau, wadda tarihin gari yake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ta tsaya ne a birnin da ayarin raƙuma yake sauka daga Tarabulus ta Gadamas da Gat da Agadas, kuma Hausawa sun daɗe suna danganta abincin alkama, irin su gurasa da alkaki, da Larabawan da suka zauna a cikinsu. Daga baya Italiya ta mamaye Tarabulus a 1911, ta bar wa mutanen Libiya son taliya har gobe. Kunnen Bahaushe yana jin Italiya a cikin kalmar taliya, kunnen mai Larabci kuma yana jin itriyya.

Ko a can, ba abincin manya kaɗai ba ce. A birnin Naples na ƙarni na 18, a bakin titi ake dafa ta, talakawa su saya su ci da hannu a tsaye. Haɗa ta da tumatir ma sai a ƙarni na 19 ya zama ruwan dare.  Injin da matan Italiya suke murza taliyar gida da shi kuwa, ƙirarsa ɗaya da wanda yake ɗaure a bencin Gobarau. Da za a haɗa tsohuwar nan da wata tsohuwar Naples, da wuya su rasa abin tattaunawa, ko da za su yi gardama a kan lokacin saukewa.

Washegari da hantsi yana zaune a zaure, autar ta shigo da kwano a rufe ta ajiye a gabansa. Taliyar jiya ce. An mayar da ita wuta ta ƙarasa dahuwa, an yanka mata albasa, an zuba manja da yaji.

"Inna ta ce ta ci nata a ɗaki. Ta ce fulawarsu mai kyau ce, ka tambayo inda suke saye."

Ya wanke hannu ya ci. Daga cikin gida ana jin ƙarar inji, jikarta ce take juyawa.