Tafki Ɗaya, Ruwa Iri Biyu

Duk wanda jirgin sama ya ratsa da shi ta Jihar Utah, a yammacin Amurka, in ya leƙa ƙasa zai ga abin al'ajabi. Wani makeken tafki ne aka raba biyu kamar an ja zare: arewa jaja-jaja, kudu kuwa shuɗi-shuɗi. Sunansa Great Salt Lake, watau Babban Tafkin Gishiri. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Shi wannan tafki ba shi da mafita. Koguna uku, Bear da Weber da Jordan, su ke zuba masa ruwa, rana ta ƙafar da ruwan, gishiri ya zauna. A 1904 kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific ya ƙetare shi da gadar katako, ruwa yana kai da kawowa ta ƙarƙashinta. Amma a 1959 sai aka maye gurbinta da ganuwar duwatsu, aka bar kwalbati biyu kacal.

Daga nan al'amari ya sake. Kogunan duka ta kudu ruwansu ke shiga, saboda haka arewa ta zama kamar tukunyar da aka bari bisa murhu ba a ƙara mata ruwa. Gishirinta ya kai wajen kashi 27 cikin 100, alhali na teku bai cika kashi 4 ba. Abin da ke iya zama a ciki sai wasu ƙwayoyin halitta masu son gishiri, su ne kuwa suka rina ruwan. A kudu, inda gishiri ke da sauƙi, ƙananan jatan lande da ƙudajen gishiri ke hayayyafa, su ne abincin miliyoyin tsuntsaye masu ƙaura.

An fasa ganuwar a 1984 saboda ambaliya, aka kuma buɗe wata ƙofa a 2016. Da fari ya tsananta a 2022, ruwa ya ja baya fiye da yadda aka taɓa aunawa, gishirin kudu ya haura har aka ji wa abincin tsuntsayen tsoro. Sai hukuma ta tula duwatsu a ƙofar, don kada ruwan kudu ya tsere arewa, na arewa kuma ya kwararo kudu.

Ka ji, mai karatu, ganuwar da ta jawo cutar ita ce aka koma nema wa magani a wurinta. An gina ta don jirgi ya wuce, ga shi yau abincin tsuntsaye ya rataya a kanta.