Tekun Gidimuni

A Hausarmu kowace tafiya da sunanta. In ka fita neman kuɗi bayan an kai amfanin gona gida, cin rani ne, ko biɗa. In da kaya ka fita, fatauci. Akwai ziyara, akwai zumunci, akwai gaisuwar mutuwa, akwai aikin hajji. Amma tafiyar da mutum zai yi don kawai ya gani da idonsa ya dawo, har yau ba mu raɗa mata suna na kirki ba. "Yawon buɗe ido" a rediyo muke jin sa, kuma da an faɗa sai mu tuna Turawan da ke zuwa Agadas a da. Ita kanta kalmar yawo, ku duba abokan zamanta: yawon banza, yawon dandi, yawon bara. Wa zai ce wa tsohonsa zai kai iyali yawo?

Yayana ya faɗa, a hutun da ya wuce. Shekaru ya yi yana ɗauko motoci daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma a salularsa akwai bidiyon teku da ɗiyarsa Ummi, mai shekara huɗu, ta kalla har ta haddace. Ya yi mata alkawarin zai kai ta. Sai ga juyin mulkin Yulin 2023, aka rufe gadar Gaya da Malanbil, sana'a ta tsaya, alkawari ya zama bashi. Yaro kuwa ba ya yafe bashi. Da ta ishe shi, sai ya ari mota ya ce kwana biyu: ranar farko Damagaram, ta biyu tabkin Gidimuni. Ni aka ɗauka riƙon yarinya.

Inna da ta ji, tambaya biyu ta yi: "Wa ya rasu? Wa ya haihu?" Aka ce babu. Ta dubi Ummi ta ce, "To kishiya, ke ce za ki cinye mana kuɗin hatsi ke nan."

Daga Mirriya zuwa Damagaram bai kai kilomita 20 ba. Kullum ina bin hanyar zuwa jami'a, amma matar yayana, wadda ta sha zuwa asibiti da kasuwar Dole, ba ta taɓa tsayawa ƙofar fada ba. Muka shiga Birni ta lunguna, tsakanin gidajen ƙasa masu zane a goshi da manyan duwatsun nan da suka tsugunna tsakiyar unguwa. Na yi ta zuba abin da na karanta: Sarki Tanimun da ya gina ganuwa ya sa aka ƙera igwa, Amadu Kuran Daga da aka kashe Kazamaju a zamaninsa a 1898, Faransawa da suka ci garin a 1899, da yadda Damagaram ta riƙe babban birni har 1926 kafin a mai da shi Yamai. Ummi ba ta ji ko ɗaya ba. Dogari ta gani da jan rawani ta ɓuya bayan zanen uwarta, sa'an nan ta tsaya kusan rabin awa tana kallon ƙadangare a kan dutse. Na bar tarihi na tsaya tare da ita.

A nan wani tunani ya zo mini wanda har yanzu bai sake ni ba. Ba gaskiya ba ne a ce yaran yankinmu ba sa tafiya. Suna yi, har fiye da mu. Yaran Kance nawa suka ga Tamanrasat kafin su ga allon lakwal? A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, kuma da yawansu daga wannan yankin namu suka fito. Almajiri ɗan shekara bakwai ya san tashar Kano fiye da ni. Duk waɗannan tafiye-tafiye suna da suna, kowa ya gane su, ba mai tambayar dalili. Wadda za a ɗauki yaro a nuna masa abu mai kyau a dawo da shi gida da daddare, ita ce ke buƙatar bayani.

Washegari muka yi gabas a kan kwaltar Gure. Ana cikin rairayi da ƙaya, sai hanya ta gangara, ga dabino, ga garake, ga ruwa shimfiɗe. Ummi ta miƙe tsaye a kujera ta yi ihu: "Teku!"

Yaya ya buɗe baki zai gyara mata, na taɓa shi. A aji an koya mana cewa yaro yakan ɗauki kalma ɗaya ya faɗaɗa ta, ya kira kowane mai ƙafa huɗu akuya, daga baya ya rarrabe. Tabki, gulbi, ƙorama, kududdufi, duk za ta same su a kan lokaci. Kuma mu faɗi gaskiya, mu manyan da ke cewa teku, mu nawa muka gan ta? Kalma ce da muke riƙe da ita a kan amana, kamar ƙanƙarar da ke sauka a Faransa.

Ba igiyar ruwa, ba jirgi. Bakin ruwan taɓo ne da farin kanwa-kanwa, uwarta kuma ta hana ta shiga ya wuce idon sawu, don tsoron tsargiya, kuma da gaskiyarta. Amma ta gina ɗaki da jiƙaƙƙen rairayi, ta kori tsuntsaye, ta sha rake har haɓa. Wani mai kamun kifi ya ɗaga mata kifi mai rai, ta taɓa da yatsa ɗaya ta ruga. Muka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dabino, Yaya ya ɗora shayi, muka ci dambun da aka taho da shi. Rabon da in ga Yaya yana dariya haka tun kafin a rufe gada.

Da la'asar ta yi barci a cinyata, rairayi cike da kitsonta. Muna isa gida na ji maƙwabciya tana tambayar Inna ta kan katanga ina muka je kwana biyu. Inna ta ɗan yi shiru, sai ta ce, "Sun kai yarinya gaida ruwa."