Gida na Shida Daga Bakin Hanya

Saura mako uku ya miƙa kundinsa na mastar, wani ɗalibin kimiyyar harshe a Yamai ya kunna kwamfutarsa bayan sallar isha'i, sai ta ƙi tashi. Allon ya yi baƙi ƙirin, ba komai sai ƴan kalmomi na Ingilishi da ke cewa ba a sami yankin da ake nema ba, a ƙarƙashinsu kuma an rubuta grub rescue, ga wani ɗan layi yana ƙyaftawa yana jiran umarni. Ya kashe ya kunna har sau huɗu, amsar ba ta canza ba.

Kwamfutar tsohuwa ce, gwanjo ya saye ta, kuma tsari biyu ke zaune a faifanta. A Windows yake rubuta kundin, a Ubuntu kuwa yake aikin sauti da manhajojin Praat da ELAN. Can ne ya tara muryoyin da ya ɗauko a ƙauyukan Adar cikin hutun damina biyu, domin nazarin karin harshen yankin. A cikinsu akwai muryar wata tsohuwa da ta yi masa gatana dare uku a jere, ta kuwa rasu da bazarar da ta wuce. Bai ajiye kwafin ko ɗaya a wani wuri ba.

Laifin nasa ne, kuma ya sani. Da la'asar ya ga fili ya ƙare wa Ubuntu, sai ya shiga Windows ya goge wani tsohon yanki na faifan da ba ya amfani da shi, da niyyar ƙara filin ga Ubuntu daga baya. Bai taɓa yankin muryoyin ba, amma ga shi an rufe masa ƙofar duka biyun.

Da safe ya kai ta wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Mutumin ya dubi allon ya ce, "Malam, wannan sai a wanke ta, a zuba mata sabuwar Windows. Kafin azahar ka zo ka ɗauka." Ɗalibin ya tambayi makomar abin da ke ciki. Mai gyaran ya ce wanki ai ba ya barin komai. Ɗalibin ya yi shiru, sa'an nan ya rufe kwamfutar ya mayar cikin jaka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga nan ya nufi wani dattijo mai kula da ɗakin kwamfutoci. Dattijon bai taɓa komai ba sai da ya tambaya, "Ɗana, tun da abin ya faru, ka zuba wani abu a faifan?"

"A'a, Malam."

"To, kwantar da hankalinka. Kayanka na nan. Kwatance ne ya ɓace."

Ya jawo takarda ya zana masa yadda abin yake. Tsofaffin kwamfutoci irin wannan, idan aka kunna su, suna fara karanta bayit 512 na farkon faifai. Wurin ƙarami ne, don haka ɗan guntun GRUB, manhajar da ke ba mutum zaɓi tsakanin Windows da Ubuntu, shi kaɗai ke zaune a farkon faifan, sauran jikinta yana can cikin yankin Ubuntu. Guntun nan kuwa da lamba ya haddace wurin. Tsohon tsarin rabon faifai manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka, ƙananan da ake yankawa a cikin ɗayansu ana ƙirga su daga 5, a jere, ba a barin gurbi. Yankin da ɗalibin ya goge shi ne na 5, Ubuntu na 6. Da na 5 ya tafi, na 6 ya zama na 5, GRUB kuwa tana ta sallama a ƙofar da babu ita.

Nan ɗalibin ya gane, domin darasin da ya sani ne. Wanda aka ce masa ya je gida na shida daga bakin hanya zai ɓata ranar da aka rushe ɗaya daga gidajen gaba, alhali gidan da yake nema bai motsa ba. Haka kalmomin nuni suke, irin su nan da can da gobe: ma'anarsu tana rataye da inda mai magana ya tsaya. Dattijon ya ƙara da cewa kowane yanki yana da wata doguwar shaida mai alamomi 32 da ake kira UUID, wadda ba ta sauyawa don maƙwabci ya tashi, kamar sunan yanka. Da ita Ubuntu ke gane yankinta, saboda haka in aka nuna wa GRUB hanya sau ɗaya, sauran zai bi.

Ya tura masa kwamfutar ya ce shi zai rubuta da hannunsa. Wahalar farko daga madannai ta zo. Nasa na Faransanci ne, amma a wannan mataki na'urar jerin Ingilishi take ji: ya danna A sai Q ta fito, M kuwa ta koma inda waƙafi yake. Sai da ya laluba kamar ɗan aji ɗaya. Ya rubuta ls, sunayen yankuna suka jeru. Ya leƙa su ɗaya bayan ɗaya, har ya rubuta ls (hd0,msdos5)/ sai ga boot da home sun bayyana. Hannunsa na rawa ya bi da sauran: set root=(hd0,msdos5), sa'an nan set prefix=(hd0,msdos5)/boot/grub, sai insmod normal, daga ƙarshe normal. Jerin zaɓin da ya saba gani ya dawo.

"Kada ka kashe ta tukuna," in ji dattijon. "Wannan kwatancen na yau kaɗai ne, za ta manta." A cikin Ubuntu ya sa shi ya rubuta sudo grub-install /dev/sda, ya bi da sudo update-grub, domin sabon wurin ya zauna.

Ɗalibin bai buɗe kundin ba. Ya nemi sautin dare na biyu, ya sa abin ji a kunne. Ga tsohuwar tana gyaran murya, ga kukan akuya daga bayan danga, ga jikokinta na dariya. Ya saurara har ƙarshe, dattijon bai katse shi ba.

Kafin magariba ya kwafe muryoyin wuri uku: ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet, ɗaya a ƙaramin katin waya. Katin ya naɗe shi a takarda, ya ba wani ɗan garinsu mai tafiya Tawa, ya roƙe shi ya kai wa babban jikan tsohuwar. Filin da ya goge kuwa yana nan fayau. Ya ce ba zai taɓa shi ba sai bayan ya kare kundinsa.