Tabon Ruwa a Tsohuwar Tirelar Tafi-da-Gidanka

A Amurka akwai mutanen da ba su da abin sha'awa irin tsohuwar tirelar tafi-da-gidanka, wato ɗan ɗakin nan mai ƙafafu da ake ɗaurawa a bayan mota a tafi yawon shan iska, da gado da murhu da teburin cin abinci a cikinsa. Waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1950 da 1970 su ne aka fi nema. Sau da yawa ana samun su yashe a bayan gida ko a gona, a farashin da bai taka kara ya karya ba, mai sayarwa kuma yakan ce ba ta da wata matsala sai ɗan tabon ruwa a kusurwa. Wannan ɗan tabon shi ne yakan cinye wa mai saye aljihu da hutun ƙarshen mako na shekara guda ko biyu, domin kuɗin sayen irin wannan tirela shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe mata.

Dalilin haka yana cikin yadda aka ƙera su. Yawancin ƙananan tirelolin wancan zamani, irin na kamfanin Shasta da aka kafa a Kalifoniya a 1941, ƙashinsu na siraran katakai ne. Ta ciki an lulluɓe su da fallen katako mai sheƙi, ta waje kuma da fallen alminiyam. A duk inda falle ya haɗu da falle, da gefen taga, da ramin shan iska na rufi, abin da ke tare ruwa shi ne wani zirin foti mai danƙo da ake shimfiɗawa kafin a ɗaure sukurori. Wannan foti yana bushewa da tsufa, girgizar hanya kuma tana sassauta sukurorin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwan yakan bi ta cikin bango ya gangara, audugar da ake cusawa don tare sanyi ta shanye shi ta riƙe, katakon ya yi ta ruɓewa a ɓoye. Kafin tabo ya bayyana a ciki, ruwan ya yi shekaru yana aikinsa.

Nan ne masu sabon shiga ke yin hasara. Abin da ido ya gani shi hannu ke son gyarawa, sai mutum ya ɓamɓare fallen cikin da ya lalace ya manna sabo. Amma a masana'anta daga ciki aka fara ginin irin wannan tirela, alminiyam ɗin waje ne ya zo ƙarshe, kuma fallen ciki da kabad-kabad suna daga cikin abin da ke riƙe da jikinta. Saboda haka gyaran gaskiya daga waje yake farawa: a cire tagogi da ƙofa, a kwance ɗaruruwan sukurori masu tsatsa, a ɗage alminiyam ɗin a hankali don kada ya lanƙwashe, sannan a sauya duk katakon da ya ruɓe ɗaya bayan ɗaya. Tirelar da aka tuɓe haka tana bukatar rumfa ko gareji na watanni, wanda shi ma kuɗi ne.

Wani zai ce ai Airstream ba ta da wannan matsala, tun da jikinta duka alminiyam ne da aka haɗa da ƙusoshin ribit kamar jirgin sama. Wally Byam ne ya kafa kamfanin a shekarun 1930, kuma har ayarin waɗannan tireloli ya jagoranta daga Cape Town zuwa Alƙahira tsakanin 1959 da 1960. Ƙarfinta ba abin musu ba ne, sai dai daɓen tsofaffinta na katako ne, kuma an matse shi ne tsakanin jikin alminiyam da shasin ƙarfe da ke ƙasa. Idan gefen daɓen ya ruɓe, abin da ya haɗa sama da ƙasa ya tafi ke nan. Maganin da ya fi inganci shi ne a kwashe kayan ciki kaf, a ɗaga jikin gaba ɗaya a ajiye gefe, a kira mai walda ya gyara shasin da tsatsa ta ci, a shimfiɗa sabon daɓe, a mayar da jikin. Buga ribit irin na asali ma aikin mutum biyu ne, ɗaya a waje da bindigar bugawa, ɗaya a ciki yana tokare da ƙarfe.

Da zarar an buɗe ciki, wasu kashe-kashen kan biyo baya. Wayoyin lantarki na shekara hamsin ba a mayar da su cikin sabon bango. Bututun iskar gas sai an gwada ko an sauya. Aksil mai roba da aka sa wa Airstream da yawa yana sandarewa da tsufa, tayoyi da birki kuma ba a wasa da su. Ga fumfuna da kashin ɓeraye, ga tsohon leda na daɓe da kan ƙunshi asbestos mai cutar da huhu. Katako da foti da sukurori ba su ne masu tsada ba, lokacin ma'aikaci ne. Cikakken gyara yana cin ɗaruruwan sa'o'i, kuma a hannun ƙwararru yakan kai dubun-dubatar daloli, sau da yawa fiye da abin da za a samu idan an sayar da tirelar.

Wannan giɓi tsakanin kuɗin gyara da kuɗin sayarwa shi ne ya haifar da masu gyaran ganin ido. Sukan shafa silikon a inda ke yoyo, su rufe tabo da farin fenti, su rataya labule masu kyau, su ninka farashi. Kyan ɗan maciji ke nan. Silikon ba ya daɗewa a jikin alminiyam, kuma yakan hana wani abin liƙi kamawa bayansa. Abin tsoro shi ne tirelar da ƙashinta ya ruɓe tana iya rabuwa da shasinta a kan babbar hanya, da wasu motoci a bayanta.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a harkar suka fi amincewa da tirela mai datti da ba a taɓa ta ba a kan wadda aka yi wa sabon fenti. Idan suka je saye sukan danna kusurwoyi da ƙasan tagogi da sukundireba, su taka gefen daɓe, su leƙa cikin kabad, su kwanta su duba shasi da tocila, su shinshina iskar ciki. Wanda ya saya bayan wannan bincike ya san aikin kafinta da na mai walda ya saya, kuma idan yana jin daɗin aikin kansa, bai yi hasara ba. Wanda kuwa burinsa ya kai iyalinsa bakin tafki a hutu mai zuwa, gara ya nemi wadda aka gyara da hotunan kowane mataki, ya biya kuɗinta.